Autanmu zai sayar da filin gado ya nemi majalisar jiha, ku ba ni shawara

Ɗan Kwari:

Assalamu alaikum. Jama'a, wata magana ce ta hana ni barci yau kwana huɗu, na ce bari in baje ta a nan ko Allah zai haɗa ni da wanda ya san harkar daga ciki.

Ni shadda da yadi nake sayarwa a Kantin Kwari. Siyasa iyakata da ita in bi layi in dangwala in koma shago. Autanmu kuwa ba haka yake ba. Shekararsa 31, ya gama Jami'ar Bayero, yana koyarwa a wata makarantar kuɗi, da yamma kuma yana cikin samarin unguwa masu yashe kwata kafin damina da bi gida-gida ana tara kuɗin gyaran taransifoma. Yaro ne mai jama'a, wannan kam ba zan tauye shi ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muna ɗakin Hajiyarmu ana cin dambu, sai ya ce, "Yaya, so nake a fitar mini da rabona a filin nan na Ɗanbare, zan nemi majalisar jiha." Na yi dariya. Da na ga shi bai yi ba, Hajiya kuma ta ajiye cokali, na san maganar ba ta wasa ba ce. Filin nan shi kaɗai mahaifinmu ya bar mana ban da gidan da muke ciki, rabon yaron kuma ko an sayar da daraja ba zai wuce miliyan 8 ba.

Abin da ya sa gabana ya faɗi, na taɓa ganin kujerar nan kusa da kusa. Kawunmu, ƙanin Hajiya uwa ɗaya uba ɗaya, ya yi majalisar jiha zango biyu. Ba zan faɗi sunansa ko mazaɓarsa ba, yana raye, 'ya'yansa kuma suna karanta irin wannan. Ni na tuƙa shi shekara ukunsa na ƙarshe, kafin in shiga kasuwa.

Kafin a sallame sallar Asuba an cika bencina biyu na ƙofar gidansa, ragowar sun shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Ga mai takardar magani daga asibitin Murtala, ga mai katin ɗaurin aure, ga wanda matarsa ta haihu jibi suna babu rago, ga wadda aka kama ɗanta tana so a je beli. Aikina na farko kullum in je gidan mai in canzo 'yan ɗari biyar-biyar da 'yan ɗari bibbiyu. Kawu ya raba su aljihu biyu, na dama na dattawa, na hagu na samari. In kuskure ya sa hannunsa ya shiga aljihun hagu a gaban dattijo, to an samu abin faɗa a majalisar mai shayi har sati. Ranar da babu kuwa, ta ƙofar baya yake fita, ya ratsa ta gidan maƙwabci, in same shi da mota a bakin titi, ya kwanta a kujerar baya har mu sha kwana.

A zauren majalisa, cikin shekara ukun nan sau biyu na ga ya miƙe da magana tasa ta kansa. Ɗaya a kan wata kwalbati ce da ruwa ke cinyewa duk damina. Ya yi bayani mai kyau, wani ya mara masa baya, aka amince, aka buga guduma. A mota yana ta fara'a, har ya sa na bi da shi gidan rediyo. Kwalbatin nan sai da ya bar kujera da shekara biyu aka yi ta, kuma sunan wanda ya gaje shi ne a jikin allon.

Zango na uku ne ya zo da gardama. Ya buga fosta, ya yi wa daliget goron sallah, ya sayar da mota ɗaya. Ana jibi zaɓen fidda gwani, wajen ƙarfe ɗaya na dare, aka kira shi wani gida a Nassarawa. Bai yi minti ashirin a ciki ba ya fito. Har muka iso gida bai ce uffan ba, sai da na kashe mota ya ce, "An yi maslaha." An ce za a ba shi shugabancin wata hukuma. Har yau ana ba shi. Sati biyu da rantsar da sababbi ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kai, kira layin nan nawa mu gani, kamar ya samu matsala." Na kira, ta yi ƙara lafiya lau. Ya karɓa ya sa a aljihu, ni ma na kau da kai.

To ku da kuka san abin, don Allah: yaro irin namu, babu ubangida, babu komai sai farin jini a unguwa, akwai ƙofar da zai bi ya shiga? In ma ya shiga, kujerar nan tana kai mutum wani wuri, ko duk ƙarshenta irin na Kawu ne? Ba na so in zama wan da ya tare wa ƙaninsa arziki, ba na kuma so in sa hannu a takardar filin nan.

Tsohon ma'aikacin majalisa:

Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Kwari, labarin wayar nan ya taɓa ni, don na ga irinsa ba ɗaya ba, ba biyu ba. Na yi fiye da shekara ashirin a ɓangaren akawun majalisa, can Sakatariyar Audu Baƙo, har na yi ritaya. Su 'yan majalisa su zo su tafi, mu muna nan da fayil.

A takarda ƙaninka ya cancanta. Tun 2018 da Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran nan aka sauko da shekarun takarar majalisar jiha daga 30 zuwa 25. Ilimi, matakin sakandare kawai ake nema, sai kuma jam'iyya ta tsayar da kai. Wannan na ƙarshen shi ne duk maganar. Kujerun 40 ne cak, don sashe na 91 na tsarin mulki ya ce kada majalisar jiha ta gaza 24, kada ta wuce 40. Shi ya sa duk da ƙananan hukumominmu 44, aka haɗe takwas biyu-biyu: Kura da Garun Malam, Rimin Gado da Tofa, Bagwai da Shanono, Tsanyawa da Kunchi wadda yanzu ake kira Ghari. Ku na cikin birni kowace ƙaramar hukuma da kujerarta guda. Ka duba yawan mutanen Dala ko Nassarawa ko Gwale, ka ce mutum ɗaya ne ɗan majalisarsu, sai ka gane dalilin cikar bencin Kawu.

Abin da ya same shi a kan kwalbati kuwa, ba rashin iya magana ba ne. Mutane ba sa bambance ƙuduri da doka. Abin da ya kawo ƙuduri ne, wato kira ga gwamnati. In an amince, mu ne muke buga wasiƙa mu aika ɓangaren zartarwa, daga nan kuma sai yadda Allah ya yi. Babu wanda za a kama don bai aiwatar ba. Aiki yana fitowa ne in ya shiga kasafin kuɗi, kuma aka saki kuɗin. Ɗan majalisar da ya san kan abin ba a zaure yake kashe ƙarfinsa ba. A kwamiti yake, lokacin da kwamishinoni da shugabannin hukumomi ke zuwa kare kasafinsu. Nan ake cusa titi, nan ake cusa ajujuwa da rijiyar burtsatse. Shi ya sa ranar rabon kwamitoci ta fi ranar rantsuwa zafi. Wanda aka ba kwamitin kasafi ko ayyuka ko ƙananan hukumomi, da wanda aka jefa wani kwamitin da ko ofis ba shi da shi, sunansu ɗaya Onarabul, amma ba abinci ɗaya suke ci ba. Sabon shiga marar kowa, kai ma ka san wanne za a ba shi.

Ƙarfi kam majalisa tana da shi a rubuce. Tana iya kiran kowane jami'i ta bincike shi. In gwamna ya ƙi sa hannu a doka har kwana 30, biyu bisa uku na 'yan majalisa suna iya mayar da ita doka ba da shi ba. Tana iya tsige shi ma. Amma yawancin dokokin da suka wuce ta hannuna daga gidan gwamnati suka zo, kuma saurin tafiyarsu ya danganta da wanda ke jiransu. Ka tuna Mayun 2019, cikin 'yan kwanaki aka gama dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye, Gwamna Ganduje ya sa hannu. Ranar 23 ga Mayu 2024 wata majalisar, a wannan zauren dai, ta rushe masarautun, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar. Ba ina cewa wanne ne daidai ba, kowa da nasa ra'ayin a garin nan. Saurin nake nuna maka. Ƙudurin doka na ɗan majalisa shi kaɗai kuwa yana iya yin karatu na ɗaya ya kwanta a kwamiti har zango ya ƙare. Wanda kuma ya ce zai ja, yana iya tuna 'yan majalisa biyar da aka dakatar a Maris 2020 bayan hatsaniyar da aka yi a zaure a kan batun Sarki Sanusi.

Game da ko kujerar tana kai mutum gaba: tana kaiwa, ƙarya ne a ce ba ta kaiwa. Kabiru Alhassan Rurum na Rano ya zama shugaban majalisa a 2015, ya sauka a 2017, Yusuf Abdullahi Ata na Fagge ya hau. A 2018 aka tsige Ata, Rurum ya dawo kujerarsa, 2019 kuma ya wuce majalisar wakilai a Abuja. Shi Atan da aka tsige, a 2024 ya zama ƙaramin ministan gidaje. Abdul'aziz Garba Gafasa na Ajingi ya shugabanci majalisa a zamanin Malam Shekarau, ya sake dawowa kan kujerar a 2019. Da ya ajiye a ƙarshen 2020 Hamisu Ibrahim Chidari na Makoɗa ya karɓa, shi ma daga nan Abuja ya nufa. Baffa Babba Ɗan'agundi daga shugaban masu rinjaye ya koma shugabancin KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano. Sai dai ka lura, duk waɗanda na lissafa shugabannin majalisa ne, kuma mutane ne da suka daɗe ana damawa da su. Ragowar fa? Ni da na riƙe rajista, akwai waɗanda yau in ka ce in kawo sunansu sai na yi dogon tunani. Wani nakan gan shi a gidan mai, mu gaisa, ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana tambayata labarin masinjojin da suka daɗe da rasuwa.

Matashin Gwale:

Baba, da girmanka, amma irin wannan maganar ce ta sa kullum fuskoki ɗaya muke gani. Duk wanda ya ɗaga kai sai a ce masa ba ka da ubangida, koma ka zauna. To su waɗanda kuka lissafa da gemunsu aka haife su?

Kano fa ba kamar ko'ina ba ce. Nan guguwa ake yi. 2003 wa ya zaci malamin makaranta zai kayar da gwamna mai ci? 2015 aka ce sak, mutane suka dangwala wa tsintsiya daga sama har ƙasa, wasu ko sunan ɗan majalisar da suka zaɓa ba su sani ba. 2023 kwandon kayan marmari na NNPP ya zo ya kwashe rinjayen majalisa, mutane da yawa da ba a san su ba suka shiga. Guguwa ba ta tambayar nawa ne a asusunka. Yanzu kuma ga waya a hannun kowa, yaro mai bakin magana in ya iya Facebook da TikTok, ya samu minti biyar a shirin siyasa na dare a rediyo, sai ka ji sunansa har Kurna.

Yaya Ɗan Kwari, ka bar shi ya gwada. Fili dai ƙasa ce, in ya ci zai sayi goma. Kawunku nasa zamanin daban. Kuma ka yi haƙuri, mutumin da ya shekara takwas sau biyu aka ji bakinsa, ba kujerar ce ta ci amanarsa ba.

Uwar Marayu:

Kai ɗan nan na Gwale, Allah ya shirye ka. Shekara uku ya ce ya gani, ba takwas ba, ka koma ka karanta. Kuma guguwar da kake faɗa, ta kwashi mutane ne da aka riga aka rubuta sunansu a takarda kafin ta taso. Wa ya rubuta? To shi ake ce wa ubangida. Ranar zaɓe tambarin jam'iyya kake dangwala wa, ba hoton mutum ba.

Ƙanena Ɗan Kwari, ni shugabar mata ce a mazaɓarmu, shekarata goma sha tara ina wannan wahalar, na yi wa 'yan takarar majalisa huɗu aiki, biyu sun ci, biyu sun faɗi. Bari in yi maka lissafin miliyan takwas ɗin nan. A 2022 fom ɗin majalisar jiha a APC miliyan 2 ne, kowa ya ji a rediyo. Wannan kuɗin shiga layi ne kawai. Dokar zaɓe ta shekarar ta yanke wa ɗan takarar majalisar jiha kada ya kashe fiye da miliyan 30. In doka da kanta ta ce 30, kai sai ka auna abin da ake kashewa a gaske, ka kuma tuna nawa buhun shinkafa yake a lokacin, nawa yake yau.

Kafin fom akwai gaisuwa. Zai bi shugabannin jam'iyya na kowace mazaɓa gida-gida, ciyaman da sakatare da shugabar mata da shugaban matasa, ba a kuma zuwa hannu rabbana. Zai kama ofis ya yi masa fenti. Ranar da ya buɗe ofishin nan ya ɗauki iyali, don yaran da za su zauna a ciki shi ne karin kumallonsu, shi ne kuɗin katinsu. Fosta a manna yau, gobe yaran wani su yage ko su liƙa tasu a kai, a sake bugawa. Azumi ya zo, ga sukari da gero. Sallah ta zo, ga atamfa. Duk wannan fa ba a zo ga zaɓen fidda gwani ba.

Na taɓa kwana da daliget mata a wani masauki, ana gobe zaɓen fidda gwani. An karɓe wayoyinsu an zuba a baho, ni aka ba gadin ƙofa. Ɗan takararmu ya yi musu duk abin da ake yi, har da Alƙur'ani aka ɗauko. Ƙarfe uku na dare wata ta ce cikinta na ciwo za ta zaga. Ashe ta tagar banɗaki ake miƙo musu saƙon ɗaya ɓangaren a cikin ledar burodi. Da safe muka shiga fili da waƙa da guɗa, aka ƙirga, mutuminmu ya tashi da ƙuri'a bakwai. Waɗanda muka kwana da su kaɗai sun fi ashirin. Matarsa ta sayar da sarƙarta ta gwal a kan zaɓen nan. Har yau in mun haɗu a gidan biki sai ta sauya wurin zama, kamar ni na ci.

In ma 'yar tinƙe aka ce, ƙato bayan ƙato, kada ya yi murna. Layi ne a fili, kowa na kallon bayan wanda ka tsaya, kuma mutum ba ya tsayawa bayan wanda ba zai iya kare shi gobe ba.

Ni ban ce yaro ya bar siyasa ba. Masu yashe kwata irinsa muke nema, mun gaji da masu zuwa da gilashin mota a rufe. Amma ya yanki katin jam'iyya a mazaɓarsa tukuna, ya riƙa zuwa taro, ya nemi ko sakataren mazaɓa ne. Ya yi ejan a akwatinsu, ya kwana a wurin tattara sakamako ya ga yadda ake yi. In yana son kujera ya fara da kansila, muna da mazaɓu 484 a jihar nan. Ita ma ɗin ba a samunta sai da yardar manya, tunda kowa ya ga yadda zaɓen ƙananan hukumomi yake, jam'iyyar da ke gidan gwamnati ce ke kwashe duka, haka aka yi a 2021, haka aka yi a 2024. Amma a nan ne manyan za su san fuskarsa, kuma ba sai an sayar da fili ba.

Abu ɗaya da zan ce wa Baba na majalisa: ba duka ne aikin banza ba. Dokar gwajin lafiya kafin aure da aka sa wa hannu a 2024, ni na san gidajen da ta hana kuka, don na yi jinyar 'ya'yan ƙanwata biyu masu sikila. Daga zauren nan ta fito. Sai dai ka leƙa zauren da aka rantsar a 2023, kujera 40 babu mace ko ɗaya. Mu ne layin da ya fi tsawo ranar zaɓe, mu ne masu guɗa, a sallame mu da taliya da sabulu.

Kada ka sa hannu a takardar nan. In ya matsa, ka ce Hajiya ce ta hana.

Ɗan Gwammaja:

Ni tsoho ne, jikana ke rubuta mini. A 1979 ina cikin matasan PRP, gidan Malam Aminu nan Gwammaja kusan kullum muna can. A lokacin mu muke yanka kati da kuɗinmu, mu yi karo-karo mu sayi man mota a kai ɗan takara ƙauye. Malamin firamare ko tela yana iya zama ɗan majalisa in jama'arsa sun yarda da shi. Da Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, waɗannan mutanen ne suka koma garuruwansu ana ɗaga su.

Amma kada yaran yanzu su ɗauka lokacin babu ubangida. Da jam'iyya ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, kowane ɗan majalisa sai da ya zaɓi bayan wanda zai tsaya, Malam ko gwamna. Abokai suka daina gaisawa. A 1981 majalisar Kano ta tsige mataimakin gwamna Ibrahim Bibi Faruk. A shekarar dai majalisar Kaduna, inda NPN ke da rinjaye, ta tsige Balarabe Musa, bayan ta hana shi naɗa kwamishinoni tun hawansa. Majalisa tana da haƙora a lokacin, amma ba kullum talaka take cizar wa ba. Ƙarshen 1983 soja suka zo suka kore kowa, na ga 'yan majalisa sun koma aji da alli, wasu sun koma gona.

Shawarata, kada ku yanke hukunci ku biyu. Ku ɗauki yaron ku kai shi gaban kawun nasa. Wanda ya kwana a ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Ɗan Kwari:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Hajiya Uwar Marayu, na karanta wa Hajiyarmu maganarki daga farko har ƙarshe, da na zo wajen ledar burodi sai da ta yi salati. Matashin Gwale, na ji, amma Kawu ba ragon mutum ba ne, ka bar wannan.

Baba na Gwammaja, na bi shawararka, sai dai abin bai tafi yadda na tsara ba. Jiya bayan Isha na ɗauki yaron a babur muka je. Mun tarar da Kawu a soro shi kaɗai, rediyo a kan cinya, yana jin sojojin baka suna ta yi. Benci ɗaya ya rage, shi ma ƙafarsa ɗaya bulo ne. Ni a raina na gama shirya cewa zai yi masa faɗa, ya ba shi labarin daren Nassarawa, mu taso.

Da yaron ya gama bayani, Kawu ya kashe rediyo. Ya gyara zama. Wallahi rabon da in ga idonsa haka tun ina tuƙa shi. Ya ƙwala wa ƙaramar 'yarsa kira ta ɗauko masa wata jaka a ƙarƙashin gado, ya zaro littafi mai bangon kwali duk ya yi ja. Sunayen mutanensa ne na kowace mazaɓa, akwati-akwati, da lambobin waya. Ya sa tabarau yana bi da yatsa: wannan ya rasu, wannan ya sauya sheƙa, wannan ɗansa ne ciyaman yanzu, wannan in ka ba shi dubu biyar zai rantse maka, in wani ya ba shi shida ya rantse masa. Mun fi awa biyu. Sau ɗaya ya ɗago ya tambayi yaron, "Wa ya ce ka fito?" Ya ce, "Jama'a, Kawu." Kawu ya yi dariya har da tari, ya ce, "Jama'a ba sa kiran mutum ƙarfe ɗaya na dare."

Maganar fili kuwa ya ce kada a kuskura, ko taku ɗaya. Na ji sanyi. Sai da muka miƙe ya riƙe hannuna ya ja ni gefe, ya rage murya ya ce wai akwai waɗanda suka fara zuwa suna taɓa shi a kan ya sake fitowa, yana nan yana istihara, kuma in abin ya tabbata zai so yaron ya riƙe masa ɓangaren matasa. Ya tambaye ni ko har yanzu ina da lasisin tuƙi.

A hanya autan bai ce komai ba sai da muka zo Ƙofar Kabuga, ya ce in tsaya ya sayi kati. Littafin yana hammatarsa, Kawu ya ba shi aro na sati ɗaya ya kwafe. Takardar filin kuma da safen nan Hajiya ta karɓe ta daga hannuna, ta kulle a adakarta, ta ɗaure makullin a bakin zani.